Mai Askin Da Karensa Ya Yi Sanƙo

A layin da yake aski, in ka tambayi sunansa na gaskiya sai mutane su tsaya suna sosa ƙeya. Duƙa-Kaɗan kowa ya sani. Daga bakinsa sunan ya fito. Shekara talatin da huɗu ke nan yana riƙe da injin aski, kuma duk wanda ya zauna a kujerarsa, mai muƙami ne ko ɗan dako, sai ya ɗora masa yatsu biyu a ƙeya ya ce, "Duƙa kaɗan." Har matarsa, ranar da ya ɓata mata rai, da wannan sunan take kiransa.

Shi ne na biyar a cikin 'ya'ya bakwai na wani mai gyaran agogo. Uban ya so ya gaje shi, amma shi ba shi da haƙurin ƙananan kusoshin nan da in ka yi atishawa sun ɓace. Abin da hannunsa ke so shi ne almakashin ɗinkin mahaifiyarsu, wanda yakan sace ya zaunar da ƙannensa a kan bokiti ya yi musu ɓarna a kai. Ya sha duka a kan haka, bai daina ba. Da ya kai shekara goma sha bakwai uban ya haƙura, ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani mai aski da ke da kujera ɗaya tal a ƙarƙashin matakalar wani bene. Shekara biyu ya yi yana shara da wanke mataji kafin a bar shi ya taɓa kan mutum.

Shagonsa na yanzu ɗaki ɗaya ne, tsakanin garejin wani bakanike da shagon mai ɗinki. Kujeru biyu ne a ciki, sai dogon benci na masu jira, da madubi mai tsaga a kusurwar hagu, da fanka da ke kuka kamar tana neman taimako. A kan kanta akwai kwalbar sifirit, gwangwanin hoda, burushi biyu da rediyon da ba ya yin magana sai an mare shi. A wannan ɗakin ya yi aikin da ya ciyar da 'ya'ya huɗu har suka kama gabansu, gidan ya rage daga shi sai matarsa da wata farar kyanwa da take ji da ita kamar autarta.

Abin dariyar shi ne, tun kafin ya cika talatin gashin kansa ya yi masa sallama. Kansa sumul yake, yana ƙyalli a ƙarƙashin fitilar shago. In masu jira suka tsokane shi sai ya ce, "Nawa wayo ne da shi. Ya ga abin da nake yi wa 'yan'uwansa, ya gudu tun da wuri." Duk da haka, a kan maganar gashi ba ya yarda wani ya fi shi sani. Da kallo ɗaya yake gane makero a kan yaro, ya san amosani, ya san ƙurajen da reza ke tayarwa a ƙeya. Yakan ce duk abin da ya tsiro a fata, shi ne alƙalinsa.

Kare kuwa bai taɓa tunanin ajiyewa ba. Wani tsohon direba ne, wanda ya shekara ashirin yana aski a wurinsa, ya zo wata safiya riƙe da igiya, a ƙarshen igiyar kuma wani ƙaton kare ruwan ƙasa, gashi buzu-buzu tun daga wuya har wutsiya. Direban ya ce ɗansa zai ɗauke shi ya koma da shi wani gari, gidan kuma a saman bene yake, babu wurin dabba.

"Kai ne ke da tsakar gida da katanga," in ji tsohon. "Sunansa Bargo. Ba ya cizo, ba ya sata, haushinsa kawai ke da ban tsoro."

Mai askin ya buɗe baki zai ce a'a, sai karen ya zo ya zauna a kan ƙafarsa, ya ɗaga kai yana kallonsa kamar wanda suka daɗe da sanin juna. Sai kawai ya karɓi igiyar. Da yamma ya shiga gida yana jan igiya yana murmushin mai laifi.

Matarsa ta tsaya a ƙofar kicin, ludayi a hannu, ta dubi karen, ta dube shi. "Baban yara, wannan kuma baƙon wa ne?"

"Mai gadi na samo mana."

"To ka faɗa wa mai gadinka: ba ya shigar min ɗaki, ba ya kusantar kwanukana, in kuma ya yi wa kyanwata kallon banza, kai da shi za ku kwana a shago."

Ya haɗa masa ɗan ɗaki na katako a gindin katanga, ya shimfiɗa masa buhuna da wata tsohuwar darduma. Bargo ya kiyaye dokokin nan uku fiye da yadda maigidan ke kiyaye nasa. Kyanwar ma, bayan mako guda tana hura hanci, ta gano cewa babu wurin da ya kai dardumar karen daɗin barcin rana, ta mayar da ita tata. Kullum da safe Bargo ke bin mai askin zuwa shago, ya kwanta a inuwar ƙofa daga waje, yana kaɗa wutsiya ga duk mai shiga. Mutanen layi suka saba da shi. Wanda ya ci abu ya rage sai ya jefa masa. Masu wucewa sukan tsaya su yaba gashinsa, mai askin kuma ya riƙa hura hanci kamar shi ya shuka shi.

A damina ta biyu ne abin ya fara. Da farko susa ce kawai. Bargo zai zauna ya ɗaga ƙafar baya ya yi ta kartar haƙarƙarinsa, sannan ya juya ya kama gindin wutsiyarsa da haƙora yana gurgura. Sai lasar tafin ƙafa, safe da rana, har tsakanin yatsun ya yi ja. Mai askin ya fara ganin gashi a ƙofar shago wanda ba na mutane ba. Kafin wata guda, bayan karen daga ƙugu zuwa wutsiya ya zama fili, fatar ta yi ja, wani wurin ta yi ɓawo. Cinyoyinsa suka kwaɓe. Kunnuwansa suka fara wari, yana ta girgiza kai. Karen da ake tsayawa kallo ya koma kamar tsohon burushin da aka gama da shi.

Layi kuwa ya samu abin magana. Mai ɗinki ya leƙo ya ce, "Duƙa-Kaɗan, wane salon aski ne wannan ka yi masa? Ka fara daga baya ka manta gaba?" Bakanike, wanda bakinsa ya fi hannunsa sauri, ya ce wa masu jira su yi hattara, ashe sanƙo yana yaɗuwa, ga shi ya kama karen gida. Mai askin yakan yi dariya tare da su, amma abin yana cinsa. In ya ga Bargo ya tashi daga barci a firgice ya kama cizon jikinsa yana ƙara, sai ya ji kamar a fatarsa ake yi.

Da yake shi ne alƙalin gashi, sai ya yanke hukunci da kansa. Ya ce amosani ne ya yi yawa. Ya ɗauko sabulun wanke kai mai ƙamshi na shago ya yi wa karen wanka. Washegari susar ta ninka. Ya ce to makero ne, ya jiƙa auduga da sifirit ya ɗora a inda fatar ta tsage. Bargo ya yi wata irin ƙara, ya zabura ya shige ƙarƙashin wata mota a gareji, ya ƙi fitowa har la'asar. Ranar mai askin bai iya cin abincin rana ba.

"Mutumina, ka bar wahalar da kanka," in ji bakanike, yana goge hannu da tsumma. "Baƙin mai za a shafe shi da shi. Ga shi nan cike da durom. Kwana uku ka ga aiki."

Har ya karɓo a gwangwani ya kai gida. Matarsa ce ta tare shi a tsakar gida.

"Me za ka yi da wannan?"

"Magani ne."

"Maganin mota ko? Dabbar da ke lasar jikinta dare da rana za ka shafa wa wannan? Ai cikinsa zai tafi. Baban yara, kai ka san kan mutum, ban musa ba. Wannan ba mutum ba ne. Akwai asibitin dabbobi a bayan tashar mota, ka kai shi."

Ya tsaya yana kallonta. Ita ce fa mai cewa kada karen ya kusance ta. Ta kawar da kai ta ce, "Kukansa ne ke hana ni sakewa, ba wani abu ba."

Washegari da safe bakanike ya ɗauke su a tsohuwar a-kori-kurarsa, yana ta mita cewa an raina maganinsa. Asibitin ɗakuna biyu ne, da benci a baranda inda wata mata ke zaune da akuya mai ɗaurarriyar ƙafa. Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba, gajera, mai tabarau da saurin magana. Ta sa aka ɗora Bargo a kan teburin ƙarfe, ta bi jikinsa da hannu a hankali, ta buɗa kunnuwa ta shinshina, ta duba tsakanin yatsu. Ta tambayi me yake ci, a ina yake kwana, yaushe susar ta fara, me aka shafa masa. Da ya ambaci sifirit sai ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau, shi kuma ya dubi silin.

Ta ɗan kankari fatar da wata 'yar wuƙa, ta ɗora abin a kan gilashi ta leƙa a na'urar da ke ƙara girman abu. Ta ce ba ƙazuwa ba ce. Ta cire 'yan gashi ta duba, ta ce ba ta ga alamar makero ba. Sannan ta ɗauko mataji mai ƙananan haƙora ta taje ragowar gashin bayansa a kan farar takarda. Wasu baƙaƙen ɗigo kamar garin barkono suka zubo. Ta ɗiga musu ruwa, sai ga su suna narkewa suna yin ja.

"Baba, ka ga wannan? Kashin ƙuma ne. Jinin karenka ne suka sha."

"Ƙuma? Likita, ni fa na duba shi da idona, ban ga ko ɗaya ba."

"Ba lallai ka gani ba, yana lashe su yana haɗiyewa. Kuma irinsa ba ya bukatar da yawa. Ka san yadda wani mutum in ya ci wani abu ko wani ƙwaro ya cije shi sai jikinsa ya tashi, ya yi ta ƙaiƙayi? Borin jini. To karnuka ma suna yi. Jikin wannan ba ya shiri da yawun ƙuma. Cizo ɗaya ya isa ya sa shi susa kwana da kwanaki."

"To gashin fa? Me ke cinye shi?"

"Shi da kansa. Dubi nan." Ta kama hannunsa ta ɗora a gefen inda ya kwaɓe. "Shafa ka ji."

Ya shafa. Yatsunsa suka gane abin kafin kansa ya gane. Gashin ba daga tushe ya fita ba, karyewa ya yi, guntayen suna nan suna sukar hannu kamar gemun kwana biyu. Haƙori da farce ne suka yi askin.

"Ashe tushen yana nan da rai," ya ce a hankali.

"Yana nan. In ƙaiƙayin ya tsaya, gashi zai dawo. Amma fatar da ya tsattsaga ƙwayoyin cuta sun shiga, shi ya sa take wari, sai mun yi maganin wannan ma." Ta ci gaba da cewa ƙuma ce kan gaba wajen jawo irin wannan, amma ba ita kaɗai ba ce. Wani karen abinci ne ke tayar masa, wani ƙurar ɗaki, wani garin furanni da ciyawa ke saki a lokacinsa. Wani ma yakan haɗa biyu. Sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. "Akwai wata dabbar a gidan?"

"Sai kyanwar maman yara. Amma ita lafiyarta lau, ko susa ba ta yi."

"Tana fita yawo?"

"Katanga-katanga, har layi na uku."

"A ina take kwanciya?"

Mai askin ya tuna dardumar Bargo. Sannan murmushi ya fara buɗe masa fuska tun daga kunne har kunne. Bakanike da ke tsaye a bakin ƙofa ya fashe da dariya har yana dafa bango.

Ya koma gida da kaya niƙi-niƙi: maganin ƙuma da ake ɗigawa a bayan wuya sau ɗaya a wata, ƙwayoyin sha na mako uku, maganin kunne, sabulun ruwa na musamman, da wani abu na roba mai kama da ƙaton mazurari da aka ɗaura wa Bargo a wuya don kada bakinsa ya kai jikinsa. A aljihunsa kuma, a ware, akwai wani ɗan maganin na kyanwa, wanda likitar ta ja masa kunne sau biyu cewa kada ya kuskura ya musanya shi da na kare, domin na kare yana iya kashe kyanwa.

Ya zauna a kan kujera a tsakar gida, ya gyara murya. "Maman yara, an gano mai laifi."

"Wane ne?"

Ya nuna kyanwar da ke miƙe a kan dardumar Bargo tana lasar hannu.

"Ƙarya ne! Wannan da ta fi ka tsafta?"

Bai yi gardama ba. Ya ɗauko mataji da farar takarda, ya yi yadda ya ga likita ta yi. Da ɗigon suka yi ja, matar ta riƙe haɓa ta ce, "Ke kuma haka za ki yi min? A gaban mutumin nan?" Kwana uku yana tsokanarta da maganar, har sai da ta ce in ya ƙara ambata ba zai ga abincin dare ba.

Amma aikin tare suka yi shi. Suka ƙone buhunan, ta tafasa ruwa ta wanke dardumar ta shanya a rana, kuma ta mayar da hakan aikin kowane mako. Suka share ɗakin katakon, suka bi kowane lungu na tsakar gida da tsintsiya. Wanka kuwa sau biyu a mako, da ruwa mai ɗan sanyi, kuma dole kumfar ta yi minti goma a jiki kafin a ɗauraye. Nan gadon ubansa ya yi rana: yakan cire agogonsa ya ajiye a kan bulo, ya durƙusa yana murza kumfar da yatsu yadda yake wa masu wankin kai, yana yi wa karen hira don kada ya gudu. Ƙwayar sha ce ta ba su wahala. Duk yadda ya ɓoye ta a abinci, Bargo zai cinye komai ya tofar da ita fes a gefe. Matar ce ta gano dabarar buɗe masa baki ta tura ta can ciki ta shafa maƙogwaro. Ranar da ya ga hannunta a cikin bakin karen sai ya juya baya kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Mazurarin ya zama abin kallo a layi. Bargo yana tafe yana karo da ƙafar benci da gwiwoyin mutane. Mai ɗinki ya ce a jona masa waya a gani ko zai kamo tashoshin waje.

Bayan mako shida fatar bayan ta huce, warin ya tafi, wani laushin gashi kamar na ɗan tsako ya fara rufe filin. Amma lasar ƙafa ba ta tsaya ba, kunnuwan kuma da an gama magani sai su sake yin ja. Suka koma wurin likita. Ta ce ƙuma an gama da ita, saura a gwada abinci. Mako takwas, abu biyu kawai zai ci, kuma waɗanda bai saba ci ba. Suka tsaya a kan kifi da dankali.

"Baba, ka ji ni da kyau. Ko loma ɗaya ta wani abu ya ci, an koma farko."

Ya bi umarnin kamar karatu. Matarsa ta ware tukunya guda don dafa wa Bargo. Mako uku suka wuce, huɗu suka wuce, babu wani canji. Karen yana nan yana lasa, kuma abin mamaki har ƙiba yake yi. Mai askin ya rasa gane kan abin, sai wata rana da azahar, yana tsakiyar yi wa wani malamin makaranta gyaran fuska, ya hango a madubi Bargo ya tashi daga inuwarsa, ya waiga hagu da dama, ya sulale ya shiga gareji. Ya ce wa malamin, "Yi haƙuri, minti ɗaya," ya bi bayansa da reza a hannu.

A bayan wata motar da aka ɗage, ga bakanike zaune a kan taya yana cin shinkafa da kaza, yana yago fatar kazar yana miƙa wa Bargo, yana ce masa, "Ci abinka. Kullum kifi, kullum kifi, kai kada ne?"

"Maƙwabci!"

Bakanike ya zabura har cokali ya faɗi. "Wallahi tausayi ya ba ni. Ka ga idon da yake min?"

"Tun yaushe?"

"Tun... ai ba a daɗe ba." Ya sosa kai. "Tun ranar da kuka fara."

Mai askin ya so ya yi fushi, amma da ya dubi su biyun, mutum da kare, kowanne ya sunkuyar da kai da maiƙo a baki, sai dariya ta ƙwace masa. Ya koma shago ya tarar da malamin zaune da rabin fuska a kumfa. Shi malamin ne ma, da ya ji labarin, ya karɓi alƙalami ya rubuta a jikin kwali da kyakkyawan rubutu: "Don Allah kada a ba karen nan komai. Yana ƙarƙashin kulawar likita." Aka rataye a ƙofar shago. Da bincike ya yi nisa sai ga shi ba bakanike kaɗai ba ne: mai ɗinki yana ba shi burodi, mai shagon kayan sanyi tana zuba masa madara.

Aka sake ƙirga mako takwas daga farko, wannan karon da dukan layin a matsayin masu gadi. Bakanike ya fi kowa zafi. In ya ga baƙo ya ɗaga hannu zai jefa wa Bargo wani abu, daga ƙarƙashin mota zai ƙwala ihu. A mako na biyar lasar ta ragu. A na bakwai tafin ƙafar ya koma kalarsa, kunnuwan suka bushe, aka cire mazurari. Sannan likita ta ce a riƙa dawo da abinci ɗaya-ɗaya, a ba kowanne mako guda a gani. Shinkafa ta wuce lafiya. Burodi ya wuce. Naman sa ya wuce. Aka ba shi kaza, kwana biyu ya kama gurgurar ƙafa. Aka janye, ya daina. Bakanike ya ɗora hannu a ka ya ce, "Ashe ni ne ƙuma ta biyu."

Wata biyar bayan zuwansu asibiti na farko, Bargo ya koma sunansa. Gashin ya dawo har ya fi na da cika, sai dai wani wuri kamar tafin hannu a gindin wutsiya da ya fito da duhu fiye da sauran. Likita ta gaya masa gaskiya cewa borin jini ba ya warkewa gaba ɗaya, lallaɓa shi ake yi. Don haka maganin ƙuma bai taɓa tsallake wata ba, na kare da na kyanwa, matarsa ce ke yi wa kalanda alama. In ciyawa ta yi tsawo, sukan goge masa ƙafafu da jiƙaƙƙen tsumma duk lokacin da ya dawo daga waje. Wani lokacin susar takan ɗan motsa, su yi wanka biyu ko uku ta kwanta.

Labari ya zaga unguwa cewa mai aski ya tsirar wa kare gashi. Mutane suka fara zuwa da nasu, wani a mota, wani da igiya. Shi kuwa ya riga ya sha darasi. Yakan durƙusa ya shafa wurin, ya taje a kan farar takarda, ya tambayi me ake ba shi, sannan ya ce, "Ni mai aski ne, ba likita ba. Bayan tashar mota za ka je. Kafin nan kada ka shafa masa komai, ko wa ya ba ka shawara." In bakanike yana kusa sai shi bakaniken ya ƙara da cewa, "Musamman ni."

Abin da ya yarda ya yi shi ne rage gashin da ya cukurkuɗe a kusa da ciwo don magani ya samu shiga. A gida yake yi, ranar hutunsa. Da wasu masu zuwa aski wurinsa suka fara raɗe-raɗin ko da inji ɗaya yake yi wa kowa, sai ya sayi wani daban, ya shafe shi da jan fenti, ya kawo shi shago ya ɗaga sama kowa ya gani, sannan ya mayar da shi gida, injin bai ƙara tsallako ƙofar shagon ba.

Likitar ta lura cewa karnukan da ke zuwa daga wurinsa suna zuwa da aski mai kyau, ba yanka ba ƙwarzane, kuma ba a firgice ba. Wata rana ta tsaya da motarta a ƙofar shagon ta ce, "Baba, hannuna bai kai naka ba a wannan aikin. Za ka riƙa zuwa mana rana ɗaya a mako?"

Ya ce sai ya yi shawara da gida. Gida ta ce, "Tafi mana, ko na huta da surutunka."

Ranar farko aka ba shi farar riga irin ta ma'aikatan wurin. Maɓallan sama biyu suka shiga, na kan tumbi suka ce ba da su ba. Haka ya yi aikin da riga a buɗe: karnuka huɗu, da wani zomo mai dogon gashi da ya cika masa hanci har ya yi ta atishawa. Da aka tashi ya roƙi a bar shi ya tafi da rigar gida, wai za a wanke. Bai cire ta ba. Da ita ya bi ta layinsu a ƙafa, a hankali, yana amsa gaisuwa ta kowane ɓangare, mai ɗinki yana kira daga shago cewa ya kawo a ƙara mata ƙyalle a gaba.

Matarsa tana tsakar gida tana kwashe shanya ya shigo. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta daɗe tana kallo, tana ƙoƙarin danne dariya.

"Sannu da zuwa, likita. A kawo ruwa ko sai an gama duba marasa lafiya?"

"A kawo," ya ce, ya zauna yana gyara wuyan rigar. "Kuma a sa a kofin baƙi."